Layin Bulo Ashirin da Uku

Duk Bagama babu wanda bai san Ɗantala birkila ba. Shekara talatin yana ɗora bulo a kan bulo, kuma komai na duniya da bulo yake auna shi. Ka tambaye shi tsawon surukinsa, sai ya ce, "Layi bakwai da rabi, in ya sa hula."

Faɗuwa kuwa ya sha ta. Daga layi huɗu, daga layi shida, zai miƙe ya kaɗe wando ya ci gaba da aiki. Dokarsa ɗaya ce: in ƙashi ya karye a kira mai ɗori, in bai karye ba a miƙo kwaɓi.

Wata Talata da hantsi, a wani bene da suke ginawa a Gauraka, katakon da yake tsaye a kai ya karye. Ɗantala ya sauko ba ta tsani ba, ya zube a kan tarin yashi. Aka yi salati, aka taru. Shi kuwa ya miƙe ya motsa hannu da ƙafa: babu karaya, babu jini. Ya hau acaba ya koma gida, wai zai ɗan kishingiɗa.

A tsakar gida ya tarar da Stella, nas ɗin da ke haya a gidansa, wadda kowa ke kira Maman Somto, tana shanya. Ya ba ta labari yana dariya, matarsa Bara'atu na taya shi.

"Oga, daga wane tsawo?" in ji Stella.

"Layi ashirin da uku."

"Ni ban san layi ba. Mutum nawa ke nan?"

"Kamar ni uku, in an ɗora mu."

Stella ta ajiye bokiti. "Tashi, asibiti."

"Haba Maman Somto, ina ciwon? Ko ƙwarzane babu!"

"To gumin me kake yi? Me ya sa ka dafe haƙarƙarin hagu? Daga irin wannan tsawo ciki ne ke jin jiki, kuma ciki ba ya ihu."

Dariyar Bara'atu ta ɗauke. Ta yafa mayafi ta fita, sai ga ta da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. "Malam, ko ka shiga da ƙafarka, ko mu saka ka kamar buhun siminti."

Ya shiga yana ƙunƙuni. A asibiti hoto ya nuna saifarsa ta tsage, jini na tsiyaya a ciki. Kafin la'asar an yi masa tiyata. Likita ya ce da ya yi wannan kishingiɗar, ba lallai ne ya tashi ba.

Yau Ɗantala ba ya wuce layi biyar. A ƙasa yake yini da butar shayinsa, kuma babu katakon da za a taka sai ya bubbuga shi ya ji ƙararsa. In wani ya faɗo, ko da ya miƙe yana washe baki, tambayar farko ita ce, "Layi nawa?" Kafin mutum ya gama lissafi, an tare keke.

Mai gardama kuwa, sai Ɗantala ya ɗage rigarsa ya nuna masa ɗinkin da ke cikinsa. "Auna ka gani," in ji shi, yana shafa wurin da alfahari. "Rabin bulo cif."