Yadda na zama Ustaz a gidan surukai

"Yaron nan akwai kunya da tsoron Allah," in ji Alhaji, mahaifin Zainab da nake nema, ranar da na je gaishe shi a Ƙofar Guga. Ina durƙushe, ido a ƙasa, carbi na ta gudu a hannuna.

Ni kuwa ba kunya ba ce. Tun ina yaro ba na iya kallon mutum cikin ido, yatsuna kuma ba sa zama wuri ɗaya. Sau uku aka kai ni ruƙiyya. Da aka rasa aljanin da za a fitar, sai na samo wa yatsun carbi, kowa ya huta.

Gaisuwar ma haddace ta na yi a kan keken ɗinki, a shagona na tela. Don ruɗewa sai da na tambayi Alhaji gajiya sau biyu.

Alhaji ya dubi ƙaninsa da ke zaune a gefe. "Ka ji ko? Har maimaitawa yake! Samarin yanzu wa ke da wannan ladabi? Na ba shi ɗiyata."

A zaure Zainab ta raɗa min, "Malam Sani, ni na san yadda kake. A gabana ba sai ka wahalar da kanka ba."

Da wannan maganar na koma gida, ba da yabon Alhaji ba. Ku fa, gaban wa kuke iya sakewa?