Muryar Sena Tana Cikin Buhu

Efo Agbeko ya karɓi kaset ɗin bikin 'yar Davi Enyonam, ya juye mata shi a kan faifan banza, ya manna takarda mai sheƙi a kai, ya riƙe kaset ɗin. Yau faifan ya mutu. Yarinyar da ke cikinsa ta daɗe da rasuwa. Kaset ɗin kuwa yana cikin buhu a ɗakin bayan shagonsa, ya ce mabuɗi ya ɓace. Abin da aka yi ke nan, kuma babu wanda bai sani ba a unguwarmu.

Ni ce Mawusi mai atamfa a bakin tasha. Katanga ɗaya ta raba ni da Davi Enyonam tun muna tsohuwar unguwa, gabas da Keta, kafin teku ya cinye ta. Da aka kwaso mu zuwa wannan tudu, Allah ya sake haɗa mu maƙwabtaka. Saboda haka ba labarin ji-ta-ji-ta nake ba ku ba. Davi a bakinmu kamar a ce Yaya ne ga mace, Efo kuma ga namiji.

Davi bandar kifi take yi tun ba ta kai tsayin murhu ba. Uwarta ta yi, kakarta ta yi. In kwalekwale suka dawo, ita ce ta farko a bakin ruwa da kwanonta, ita ce ta ƙarshe da za ta bar hayaƙi. Mijinta ya bi jirgin kamun kifi zuwa yamma tana da goyo, bai dawo ba, bai aiko ba. Ba ta taɓa zaginsa a gabana ba. Iyakarta ta ce, "Namiji da igiyar ruwa, wanda ya tafi ba shi ke dawowa ba." Goyon nan ita ce Sena, ita kaɗai Allah ya ba ta.

Davi ba ta da murya ko kaɗan. In ta ɗaga waƙa a zumuntar mata, sai ka rantse kwalekwale ake ja a kan tsakuwa. Mukan ce mata, "Davi, don Allah riƙe caki, ki bar wa masu baki waƙa." Ta ce, "'Yan baƙin ciki! Allah dai yana jina." Amma Sena, ban san inda ta samo nata maƙogwaron ba. Tana wanke kifi tana rera waƙa, masu jan taru su sassauta igiya. Davi ta daki ƙirji ta ce, "Tawa muryar ce na ajiye mata, shi ya sa ban taɓa amfani da ita ba."

Ranar auren Sena da wani direba, Efo Agbeko ne ya ɗauki hoto. Lokacin yana saurayi, na'urar a kafaɗa, gumi har gwiwa. Amarya ta ƙi zama inda aka ajiye ta. Ta karɓi caki daga hannun uwarta a ƙofar coci, ta juyo, ta ba da waƙa da kanta, jama'a na amshi. Kaset ɗaya tak aka yi. Davi ba ta da talabijin, sai ta riƙa kawo shi ɗakina duk Lahadi da yamma, har muka haddace wanda ya yi tari da inda akuya ta gitta.

Shekara na zagayowa Sena ta rasu wajen haihuwa. Jaririyar ta rayu, aka sa mata Kafui. Uban ya ƙara aure ya koma Lome. Davi ta goya jikarta ta koma bakin murhu. Daga ranar ba ta sake kawo kaset ɗakina ba, ni ma ban tambaya ba.

Kafui ta fara zuwa makaranta ke nan sai dattawan cocinmu suka ba Efo Agbeko lasifika bayan addu'a. Ya ce, "Iyayena mata, kaset ya zama tsohon yayi. Iskar gishirin nan tamu fumfuna take sa masa, ta cinye shi. Ku kawo in juye muku a faifai. Faifai kuwa jikokin jikokinku za su kalla. Kaset ɗin ku bar min, ina da ɗaki busasshe, zan adana muku." Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce ɗanmu ne. Maganar fumfuna gaskiya ce, mun gani da idonmu. Da wannan gaskiyar ya ja mu.

Davi ta kai nata. Da ta je karɓa ya sa mata a na'ura don ta tabbatar. Tana ganin ƙofar coci ta ce, "Kashe, kashe, na yarda." Ta naɗe faifan a sabon ɗankwali ta dawo gida.

Ku da ba ku san mu ba sai ku ce me ya hana ta riƙa dubawa. Mu abin da muke ji da shi ba ma taɓa shi. Tsakiyar ado ta kakanni da zannuwan gado a ƙasan adaka suke kwana da kafur, ba sa ganin rana sai za a aurar da 'ya. Zanen da ba a ɗaura ba, ba ya tsufa. Haka muka ɗauki faifai. Davi ta sa shi a tsakanin tsakiya da zane ta ce, "Ranar da zan miƙa wa Kafui kayan uwarta, ranar zan miƙa mata uwarta."

Da teku ya shigo mana da asuba, shekaru bayan haka, kowa abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Davi ta bar kwanoninta, ta bar kifin da ta kwana biyu tana bandawa, ta bar hotunan Sena da ke bango. Ta tura Kafui gaba, ta ɗora adakar nan a ka, ruwa har ƙirji. Ina kan tudu ina ihu, "Davi, yar da shi! Zai kayar da ke!" Ta iso tana haki ta ce, "Ke Mawusi, bakinki ya fi tekun nan faɗi. In yar da 'yata?"

Tun da hotunan suka bi ruwa, fuskar uwarta ta dushe wa Kafui, ta girma ba ta samunta sai a bakin mutane. Wannan ya ce idonta ne, wancan ya ce a'a, tafiyar ce. Takan roƙi kakarta ta nuna mata faifan, Davi ta ce, "Ki yi haƙuri, abin naki ne, ba ya gudu." Hayaƙi kuma yana ta aikinsa. Idon Davi ya yi fari-fari, yanzu mutum sai ya yi magana take gane shi.

Watan jiya dangin wani malamin makaranta suka kawo kayan neman auren Kafui. Davi ta ce lokaci ya yi. Na'urar faifai ma sai da na zaga unguwa kafin na samo wadda ke aiki. Muka taru a ɗakina, ni da Davi da Kafui da mata biyu na zumunta. Davi ta ɗaura zanen da ta sa ranar bikin. Ta warware ɗankwalin da hannunta, faifan fes, takardar kansa da hoton furanni kamar jiya aka manna.

Na'ura ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Can sai ga ƙofar coci. Ga mata suna fitowa. Ga bayan amarya, ga hannunta ya miƙa ya karɓi caki. Daga nan hoton ya tsaya cak, ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kore da ja. Sauti ya ɗauke.

Davi ba ta gani ba. Hasken kawai take hange. Ta matso ta dafa gwiwar Kafui.

"Ga ta nan, yanzu za ta juyo. Dubi wushiryarta. Kin gani? Ga Mawusi can a baya da ɗaurin kai kamar kwandon kifi."

Babu wanda ya yi dariya.

"Yanzu akuya za ta gitta. Sai Sena ta ɗaga hannu. Kafui, kin gan ta?"

Kafui ta dube ni, ta dubi gilashin. Ta ce, "Na gan ta, Mama. Kyakkyawa ce."

Davi ta yi murmushi, ta karkata kunne. Ta jira. Ta daɗe tana jira. Sannan ta ce, "To ina muryar?"

Na ce, "Davi, na'urar ce, tsohuwa ce."

Ta ce, "Mawusi, tun muna 'yan mata ba ki iya ƙarya ba."

Ta buɗe baki za ta rera wa yarinyar waƙar da kanta, da muryar nan tata ta kwalekwale a kan tsakuwa, wadda hayaƙi ya ƙara dusashewa. Layi ɗaya ta yi ta tsaya. Ta ce, "Ba haka take ba. Ba haka take ba sam." Ta naɗe ɗankwalin da babu komai a ciki, ta fita tana lalube bango.

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na gwada faifan a na'ura uku, duk wuri ɗaya yake tsayawa. Sai na bi gida gida na ce mata su buɗe adaka. Faya-fayan masu bandar kifi da masu tallan gishiri, wani ya fara ya tsaya, wani ko farawa ba ya yi. Jana'izar miji, baftismar ɗa, duk sun tafi. Na je gidan Madam Ablavi mai 'ya'ya a Turai, nata na jana'izar uwarta ya yi tas daga farko har ƙarshe. Shekara ɗaya aka yi su, hannu ɗaya, takardar kai iri ɗaya. Na kife nata da na Davi a tafin hannuna. Nata cikinsa shuɗi ne mai duhu, sumul, da sunan masu yi a zagayen ramin tsakiya. Namu fari-fari, ba suna, da tabo-tabo kamar ƙyasbi, bakinsa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na ɗaga shi sama, ina hango rana ta cikinsa.

Na wuce shagon Efo Agbeko. Yanzu wayoyi yake sayarwa, ya yi tumbi, yana cikin kwamitin ginin coci.

"A'a, Davi Mawusi! Yau wace iska? Waya za a saya wa maigida?"

"Maigida yana da waya, kunne ne ba shi da shi. Dubi waɗannan."

Ya juya su, ya taɓe baki. "Ajiya ce ba ku iya ba. Zafi, kafur, iskar gishiri."

"Madam Ablavi wani tekun take shaƙa?"

Ya yi 'yar dariya. "Davi Mawusi, ni ma haka na sayo su a Lome, a tari cikin leda. Ranar da na buga su ai sun yi, ko ba su yi ba? Mai sayar da ƙwai ba ya shiga cikin ƙwai."

"Amma ka san wanda za ka ba Madam."

"Su Madam ana kai musu suke sawa, su aika waje, in ya tsaya a bugo min waya a zage ni. Ku kuwa..." Sai ya kama bakinsa.

Na ce, "Ƙarasa mana. Mu kuwa adaka muke sawa."

Ya san mu sarai, uwarsa ma adaka gare ta. Ya san faifan da ya shiga ƙarƙashin zanen gado ba mai taɓa shi sai bayan shekaru, lokacin da babu mai kama shi. Da ladabinmu ya cuce mu.

Na ce ya ba ni kaset ɗin. Ya ce mabuɗi ya ɓace, kuma ai duk sun ruɓe, wahalar banza ce. Na zaga baya na leƙa ta taga. Buhuna ne jibge har rabin bango, kwanon rufi ya huje, ga alamar ruwa a ƙasa. Busasshen ɗakin ke nan da aka yi mana alkawari a gaban bagaden coci. Na tambaya, an ce min akwai masu goge fumfuna daga kaset a Lome, wani ya tashi, wani ba ya tashi. Ban ce na Sena zai tashi ba. Na ce ba Efo Agbeko ne zai yanke wannan hukunci yana zaune a kan kujera ba.

Davi ta koma bakin murhu. Ba ta zagi kowa ba, halinta ke nan, shi ya sa ni nake yi mata. Shekaranjiya na same ta tana juya kifi, faifan yana gefenta a kan dutse. Ta ce, "Mawusi, da na san fanko na ɗauko, da hotunan bango na cire." Kafui kuwa kullum sai ta sa shi, ta tsaya a kan hannun nan da ke riƙe da caki, ta kara nata hannun a gilashi tana gwadawa.

An sa bikin Kafui kafin damina. Idon Davi ba ya jiran kowa, rufin ɗakin buhunan nan ma haka.

Efo Agbeko, in mabuɗi ya ɓace, ina da guduma, kuma zan sayi sabon kwaɗo da kaina. Ka buɗe ɗakin nan ranar Asabar, ka fito da buhunan tsakar rana, kowace mace ta nemi sunanta. Na Sena ka ɗauke shi da hannunka ka kai Lome, a goge, a juye a abin kirki, a kunna a gabanmu daga ƙofar coci har amin. Ku kuma dattawan coci, ku kuka ba shi lasifika kuka ce ɗanmu ne. Ranar Lahadi ku sake ba shi ita, ya faɗa wa matan da ba su buɗe adakarsu ba tukuna abin da ke ciki. In kaset ɗin ya ruɓe, ya zo bakin murhu ya gaya wa Davi Enyonam da bakinsa. Kada ya aiko kowa.