Malam Jatau Nahuce, Wanda Ya Koya Mini Yin Shiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1978, ina zaune ƙofar gidana a Bunguɗu bayan azahar, Tukur mai keke ya tsaya ya ce Malam Jatau Nahuce ya cika a asibiti a Gusau. Ya jira in yi magana. Ban yi ba. Malam, da ka ga wannan shirun da ka yi dariya, don shekara biyu kana nemansa a wurina.

Ba zan ɓoye ba, na fara zuwa zaurenka ne da raini. Ni na yi makarantar Midil a Sakkwato, na yi shekara ashirin ina magatakardan kotu, har aka sallame ni da takarda mai layi uku. Kai kuwa malamin yaƙi da jahilci ne. Waɗanda ka koya wa karatu suka rasa abin karantawa, sai ka riƙa tara su kowace Asabar bayan la'asar, kuna karanta wani ɗan littafi kan tarbiyyar 'ya'ya da Istifanus ma'aikacin jirgin ƙasa ya kawo maka daga Zariya. Na zo ne in gyara muku karatu. Tun da na bar aiki, zaurenka kaɗai ne wurin da ake matsa mini tabarma.

Dokarka ɗaya ce. A karanta shafi guda, kowa ya faɗi abin da ya tuna masa a gidansa, amma ba mai buɗe baki sai ya maimaita maganar wanda ya riga shi, har shi ya yarda cewa haka ya ce. Manoman Rawayya da ke zuwa zauren suka iya a mako biyu. Ni da na rubuta shaidar mutane dubu na kasa. Sau nawa Istifanus yana cewa, "Malam Dauda, wannan hukunci ne, ba maganata ba," zaure ya ɗauki dariya.

Kai kaɗai ka san abin da ke cina. Ɗana Dalhatu ya bar kwalejin horon malamai ya kama gyaran injin niƙa a Tsafe. Ranar da ya zo ya yi mini bayani ya ce, "Baba, ka ji ni mana." Na ce ban haife shi don in ji shi ba. Shekara bakwai ke nan bai taka gidana ba, uwarsa ta rasu muna a haka.

In kowa ya watse sai ka tsugunna gabana da furfurarka ka ce, "Ni ne Dalhatu. Baba, ni makarantar nan ta ishe ni." Kafin ka kai magana ta uku na katse ka da faɗa. Sai ka kaɗe rigarka ka ce, "To, Dalhatu ya koma Tsafe. Mu sake." Ba ka taɓa gaya mini abin da zan ce masa ba. Tambaya ɗaya ka yarda in yi, sannan in rufe baki. Muka sa rana bayan Sallah za ka raka ni Tsafe wurinsa. Sallah ta wuce na ce sai an gama girbi. An gama girbi na ce ƙafata. Ba ka zarge ni ba ko sau ɗaya, ni kuma ban san kwananka ne nake ɓarnatarwa ba.

A wurin zaman makokinka na ga Dalhatu. Indo matarka ce ta aiko aka gaya mini cewa ka daɗe kana hawa mota zuwa Tsafe, ka zauna a rumfarsa cikin ƙarar inji kana jinsa. Na ji kishi, Malam, har da kai a kabari. Dalhatu ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri?" Faɗan shekara bakwai ya taso mini har wuya. Na haɗiye, na ce, "Yaya aikin?" Ya dube ni. Ya ce yana da injuna biyu yanzu, ya ce an haifa masa 'ya mace, ya sa mata sunan uwarsa. Na yi shiru ina jinsa. Sai ya ce mota za ta tashi, ya tafi. Bai ce zai dawo ba, bai ce in je ba.

Ban san ko na ci ko na faɗi ba, kuma babu wanda zan tambaya. Waɗanda muka yi makaranta tare sun manta sunana, zaurenka an rufe, littafin yana hannun Istifanus.

Allah Ya jiƙanka, Malam Jatau, Ya yalwata kabarinka, Ya saurare ka da rahama ranar da kowa ke neman a ji shi. Ina ta'aziyya ga Indo da 'ya'yanku, Shafa'atu da Sama'ila, da mutanen Nahuce, da 'yan zauren Asabar. Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a: jibi zan shiga motar Tsafe, ni kaɗai.

Dauda Magatakarda, Bunguɗu