Randar Inna Habi

Da a ce shekara goma baya ka shigo unguwarmu ta bakin gulbi a Sabon Birni, sai ka riƙa duban inda za ka aje ƙafa, don tukwane ne shanye ko'ina. Marina na gefe guda, masu saƙar tabarma na inuwa suna gardama, hayaƙin gashin tukwane na tashi duk mako. Yau mai ginin tukwane ɗaya ta rage, maƙwabciyata Mas'uda, ita ma taurin kai ne ya riƙe ta.

Wurin uwarta, Inna Habi, ta gaji sana'ar. Yumɓun da suke aiki da shi kuwa ba na wannan gaɓar ba ne, sai an ƙetare ruwa an nausa wajen Gatawa. Sodangi mai jaki ne ke kawo mata, har ranar da 'yan bindiga suka tare shi suka ƙwace jakin. Ya dawo ba ko takalmi, ya rantse shi da ƙetare har abada. Wa zai ga laifinsa?

Mas'uda na da baki huɗu da take ciyarwa, ba gona, ba miji. Sai ta haƙo ƙasar gaɓarmu ta gina tulu ashirin da uku. Ina tsaye aka yaye tokar, wallahi ko ɗaya bai fita ba, duk sun tsage. Ta sake, suka sake tsagewa.

Dabara ɗaya ta rage, wadda uwarta ta koya mata: a daka tsingaron tsohuwar tukunya a cuɗa da sabuwar ƙasa, sai ta jure wuta. Amma sai tsingaron yumɓun ƙetare. Ta bi gida gida da juji tana tsinta, ba kunya. Abin da ta tsinto ya ishe ta gashi sau uku, ya ƙare.

Ran nan da hantsi na leƙa ta katanga, na gan ta tana kwashe ruwan randar Inna Habi. Randar nan ta yumɓun ƙetare ce, ta haura shekara arba'in, ga shaidar babban yatsan tsohuwar a bakinta. Da azumi duk unguwa nan muke ɗibar ruwan buɗa baki don sanyinsa.

Na ce, "Ke Yaya Mas'uda, kina hauka? Mi za ki yi?"

Ta ce, "Lailatu, kwana biyu ba a aza tukunya gidanga ba. Za ni fasa ta."

"Randar Inna? Haba, ki ji tsoron Allah!"

"To ki ba ni abin da za ni ba su."

Ni ma kunu muka kwana a kai. Ta ɗaga taɓarya, sai da ta buga sau uku kafin randar ta buɗe. Ni na taya ta dakan, ina kuka ina tsine wa waɗanda suka kai mu ga haka.

Tulu goma sha tara ta gasa, suka fito lafiya lau, ka ƙwanƙwasa ka ji amo. Ta sayar, ta auno gero. Na shiga yi mata barka, na iske ta zaune tana juya bakin randar mai shaidar yatsa, shi kaɗai ta ɓoye ba ta daka ba.

Ta ce, "Wanga ba ya isa ko tulu guda. Sati mai zuwa mi za ni fasa?"