Teburin da Yaya Mutari ya zaunar da ni

A wannan watan Yaya Mutari ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, matarsa Anti Rabi takan dafa shinkafa da miya a kai masallacinmu na Mount Hope da ke unguwar Bronx a New York, abokan aikinsa direbobin da ke jiran fasinja a filin jirgin JFK su zo a yi masa addu'a. Kowa da labarin da yake bayarwa a kansa. Wani ya ce shi ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka bai san kowa ba, wani ya ce a falonsa ya kwana har ya sami ɗaki. Ni ban taɓa ba da nawa labarin a bainar jama'a ba sai yau, kuma da yardar waɗanda abin ya shafa.

Mu 'yan Damagaram ne. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, mahaifinmu kuwa malami ne da ba a ɗaga murya a gabansa. Ina ƙarama Yaya ya tafi Faransa karatu, aka yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa sosai, sai daga baya muka ji ya haye New York yana tuƙin tasi. Da mijina ya rasu shi ya kawo ni nan, ya samar mini aikin kula da tsofaffi. Mutum ne mai tsantseni. In fasinja ya manta kwalbar giya a motarsa, sai ya sa leda a hannu kafin ya taɓa ta. Duk shekara yakan je gida ta Paris, ni ke shirya masa jaka, kuma kullum yakan ce jiran jirgi a can yana cin kwanaki. Ban taɓa tambaya ba, domin ba a tambayar Yaya.

A shekararsa ta ƙarshe ya ce mu tafi tare. Ya rame a lokacin, amma ya ce azumin nafila ne. Da muka sauka Paris da sassafe na nufi inda ake jiran jirgin Yamai, sai ya riƙo jakata ya ce akwai inda za mu fara biyawa. Muka shiga jirgin ƙasa, daga nan muka ɗauki mota, shi ke tuƙi ba tare da ya dubi taswira ko sau ɗaya ba. Gari ya ƙare, muka shiga tsaunuka da aka shuke da inabi layi-layi iyakar ganin ido. Lokacin girbi ne, mutane sun duƙa da kwanduna a baya. Na ce, “Yaya, wannan duk na ci ne?” Ya ce, “Na giya ne, Balki.”

Ƙauyen bai kai unguwarmu ta gida girma ba. Gidajen dutse, coci guda, da wani gidan abinci mai ƙaramar ƙofa da tukwanen furanni a bakinta. A nan ya tsaya. Muka shiga. Tebura kaɗan ne, an shimfiɗa musu ƙyalle mai ja da fari, manoma sun zauna hannayensu sun rine da ruwan inabi, kuma babu teburin da ba kwalba a kansa. Bango guda kwalabe ne tun daga ƙasa har rufi. Na ja mayafina na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ya ce mun yi ɓatan hanya.

Sai na ga manoman suna ɗaga masa hannu. Wani tsoho ya miƙe ya dafa kafaɗarsa yana kiran sunansa da irin lafazinsu. Wata tsohuwa mai farin gashi ta fito daga kicin tana goge hannu, ta kama fuskar yayana da tafukanta biyu ta sumbace shi a kumatu, shi kuma ya sunkuya mata kamar yadda yake sunkuya wa Innarmu. Mutumin da ko hannu ba ya ba mace! Ya ce mini sunanta Madam Odil, ita ce mai gidan. Ta zaunar da mu a teburin da ke jikin taga, da kanta ta kwashe kofunan giyar da ke kai, ta kawo tulun ruwa da ruwan inabin da aka matse a safiyar nan.

A irin waɗannan gidaje ba a kawo takarda ka zaɓa. Abin da aka dafa ranar an rubuta shi da alli a wani allo, kuma ba a gaggawa, kwano ɗaya sai an gama da shi ake kawo na gaba. Maƙwabtanmu na tebur aka ajiye musu dodon-koɗi a cikin man shanu da tafarnuwa, suna zaƙulowa da ɗan cokali mai yatsu suna lumshe ido. Na kau da kai. Bayansa aka kawo musu naman sa da Yaya ya ce a cikin giya ake dafa shi tun safe. Na ce masa ni ruwa ya ishe ni. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai kaskon da ba a taɓa sa masa giya ko alade ba a kicin ɗin nan, nasa ne tun yana saurayi.

Ban gama juya wannan magana a raina ba tsohuwar ta leƙa kicin ta ɗaga murya: “Ummi!”

Wata mace ta fito da kwandon burodi da kwanuka biyu na miyar kabewa. Za ta haura shekara talatin, fatarta wankan tarwaɗa, gashinta a ɗaure. Na ɗaga kai don in yi godiya, sai na ga fuskarta. Goshin Innarmu ne. Wushiryar Innarmu ce. Har yadda take karkatar da kai gefe in tana ajiye kwano, na Innarmu ne, wadda muka binne shekaru da yawa kafin wannan rana. Kuma ni Bahaushiya ce, na san wace yarinya ake kira Ummi. Sai wadda uba ya sa wa sunan mahaifiyarsa, bakinsa ba zai iya kama sunan ba.

Na ce, “Yaya, wace ce wannan?”

Ya ce, “Zainabu ce sunanta a takarda. 'Yarki ce.”

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Miyar ta huce a gabana. Ita Ummi ta tsaya riƙe da kwandon, idanunta sun ciko, ta ce mini “Sannu, Gwaggo” da wata irin Hausa da ka ji ka san an daɗe ana maimaita ta a gaban madubi.

A kan wannan tebur, tsakanin kwano da kwano, ya ba ni labarin. Karatun bai yiwu ba, ya zo ƙauyen tsinkar inabi, zazzaɓi ya kwantar da shi, Madam Odil da mijinta suka yi jinyarsa. Ya zauna yana wanke kwanuka, daga baya ya koyi girki. Ya auri 'yarsu Elen, wani limami ɗan Maroko ya ɗaura auren a birnin da ke kusa. Ummi ba ta fara tafiya ba mota ta kife da uwarta a kan hanyar tsaunin da muka biyo, ta rasu. Tsofaffin ba su da kowa sai wannan jika, suka roƙe shi kada ya raba su da ita. Shi kuma ya rasa bakin da zai gaya wa Malam, mahaifinmu, cewa ya yi aure a gidan da ake sayar da giya. Ya bar ta, ya tafi New York, ya riƙa dawowa duk shekara. Jiran jirgin ke nan da ke cin kwanaki.

Aka kawo kifin rafi da aka soya da man shanu da lemon tsami, da dankali. Na ci ne don Ummi ta zauna kusa da ni tana kallon hannuna, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Aka zagayo da faranti na cuku iri-iri, wani har da kore-kore a jikinsa, warinsa ya cika ɗakin. Yaya ya tashi ya shiga wani ɗan ɗakin ajiya a baya ya yi azahar, babu wanda ya ɗaga kai, alamar sun saba. Da ya dawo aka kawo wainar tuffa da zafinta. Bai taɓa tasa ba. Ya ce, “Balki, ba azumi ba ne. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ba na son in tafi yarinyar nan ba ta da wanda zai ce tasa ce.”

A zama ɗaya aka ba ni 'ya aka kuma gaya mini zan rasa wa. Na tuna na fita waje na zauna a kan wani dakalin dutse, ƙararrawar coci tana bugawa, wata tarakta ta wuce da lodin inabi, direban ya ɗaga mini hula. Ina ta faɗin innalillahi ban san wanne daga cikin biyun nake yi wa ba.

Duk kwanakin da muka yi a Damagaram ban ce wa kowa uffan ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne Anti Rabi. Na ɗauka in ta ji gidan zai rushe. Da muka dawo Bronx na same ta a kicin tana yanka alayyafo, na yi ta kewaye-kewaye. Ta ajiye wuƙar ta ce, “Ya kai ki wurin Ummi ke nan. Ta yi ƙiba kuwa? Bara ta rame.” Ashe tun kafin a ɗaura musu aure ya gaya mata. Ashe atamfar da take cusawa a ƙasan jakar da nake shiryawa ba ta dangin Yamai ba ce. Matar da ya auro ta sani, manoman wani ƙauye a Faransa sun sani, mu da muka sha nono ɗaya da shi ne ba mu sani ba. Wannan ya fi komai girgiza ni, har yau kuma bai sake ni ba.

Bai kai damina ta gaba ba. Ummi ta zo jana'iza. Direbobin JFK da suka ji 'yar Alhaji Mutari ce za ta sauka, sai da suka yi musu a kan wanda zai ɗauko ta. Ta zauna a cikin mata a falon Anti Rabi da mayafin aro, ana ta shigowa gaisuwa ana satar kallonta. 'Yan'uwanta Nasiru da Habibu, waɗanda Anti Rabi ta haifa a nan, sai a makon suka san suna da yaya. Habibu ya kwana biyu ba ya magana da kowa. Ranar da za ta koma shi ya ɗaukar mata jaka.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Layin da yake jira a filin jirgi ya canza, yanzu waya ce ke ba direba fasinja, abokansa da yawa sun ajiye tuƙi. Madam Odil ta rasu, Ummi ce ke riƙe da gidan abincin, kwalaben suna nan a bango, ban kuwa ce abin ya daina sosa mini rai ba. Nasiru yakan je can hutu, ya dawo yana gyara mana yadda ake yanka albasa. Shi da Habibu da Ummi suna hira da Turanci, yaren da ba na uwar kowannensu ba. Ina jin Yaya zai yi murmushi, sannan ya sunkuyar da kai don kunya, kamar yadda yake yi in an yabe shi.

Mutum ɗaya ya rage wanda ba a gaya wa ba, Baffa Isa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya gaji zaurensa da zafinsa. Mazan gidanmu suka ce a bar tsoho ya ƙarasa kwanansa lafiya. Bana Ummi ta zo sadakar shekara. Bayan an watse, Anti Rabi ba ta yi shawara da kowa ba ta kira Damagaram a waya mai hoto, ta sa jikansa ya riƙe masa, ta ce, “Baffa, ga 'yar Mutari ta fari.” Ta faɗi komai, har gidan abincin, ba ta rage ba. Ni ina tsaye jikin firij.

Tsohon ya matso da fuskarsa har ta cika wayar. Ya daɗe yana kallo. Ya tambayi shekarunta, aka gaya masa. Sai muka ga hawaye suna zubo masa. Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba, ko ranar da aka binne Malam.

Ya ce, “Duk shekarun nan? Balki, haka yaron nan ya ji tsoronmu?”

Ummi tana tambayata da ido me ya ce, na kasa fassara mata.

Mutane suna tuna Yaya Mutari da kyauta da riƙon addini, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ina tuna shi da mutumin da ya ɗauki wannan kaya a ɓoye fiye da rabin rayuwarsa, bai yar da 'yarsa ba, bai kuma iya kawo ta gida ba. Laifinsa ne ko namu, na bar wa Allah, shi ya san abin da ke zuciyar bawansa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mana. Kafin a kashe wayar ranar, Baffa ya share fuska da hannun rigarsa ya ce a tambaye ta ko tana cin tuwo, domin in ta zo a san abin da za a dafa mata.