Ciyayya a Moss Side

Ranar da muka je Birmingham mu bakwai ne a mota. Akwai ni, da ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, Likita nake ce masa kamar kowa. Akwai matarsa da jaririnta. Akwai babbar 'yarsu, takwarata, mai shekara goma sha huɗu, da ƙawayenta biyu: 'yar wani ɗalibi ɗan Zariya da ke zaune a Gorton, da jikar wata tsohuwa 'yar Jamaika da muke katanga ɗaya da ita a Moss Side. Malamarsu ta riga mu tafiya a jirgin ƙasa. A cinyata kuma akwai jar langa, wadda na hana a saka a but ɗin bayan mota.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ya haɗa tsohuwa da langa da garin da ba ta san kowa ba.

Washegarin sunan jaririn nan na fito tsakar gida, idan za a kira wannan ɗan tsukin tsakar gida, na tarar da surukata tana juye dafa-duka a koren mazubin shara na kansul. Rabin tukunya, da namanta.

"Me shinkafar ta yi miki?" na ce.

"Hajiya, firij ya cika, kuma babu mai ci."

"Duk layin nan babu mai baki?"

Ta ba ni haƙuri, don yarinya ce mai ladabi. Ni ma na san ba laifinta ba ne. Shekarata biyu a layin ban taɓa ganin ƙofar kowa a buɗe ba. Amma sai da na yi faɗana har na gaji, takwara tana tsaye a ƙofar kicin tana jinmu.

Ashe takwara ta ɗauki maganar. Ran Asabar ita da ƙawayenta sukan je wani aji na 'yan mata zalla, inda ake koya musu aikin kwamfuta. Malamarsu ta ce kowace ƙungiya ta duba unguwarsu, ta nemo abin da ake ɓarnatarwa, ta ƙirƙiro maganinsa, waɗanda suka yi abin kirki za a kai su gasa a Birmingham. Su uku suka zaɓi abinci. Wata guda suna zaune a falonmu da kwamfuta a ƙasa, suna Turancinsu na hanci, suna cinye mini cincin. Ni dai ina kan kujerata da carbi ina lura. Ban yi boko ba, amma na san fuskar mai aiki da ta mai wasa, kuma waɗannan aiki suke yi.

Suka gama abin da suke kira manhaja, aka saka wa gidaje a waya, namu da na 'yan uwa Hausawa da wasu maƙwabta. Sai na ga fuskar takwara ta fara canzawa. Wata Laraba ta dawo daga makaranta ta jefar da jaka, ta ce wa uwarta ta bar ajin. Malama na jiran amsa ran Juma'a ko za su je Birmingham, ita kuwa ta riga ta san amsarta. Ta ce dama kwamfuta ba tata ba ce.

Na ce, "Zo nan, uwar 'yan zuciya. Nuna mini abin."

"Kaka, ba za ki gane ba."

"Na gane ubanki tun bai iya magana ba. Zauna."

Ta zauna tana kumbure-kumbure. Ta ce wanda abinci ya rage masa zai ɗauki hoto ya saka, wanda yake so sai ya danna nan, ya zo ya karɓa. Mako uku ana saka hotuna, babu wanda ya danna ko sau ɗaya. Har ɗaliban Gorton, da ta san ba su da lokacin girki sai burodi da shayi.

"Idan mutum ya danna, wa ke gani?"

"Kowa."

"Wato mutum da gemunsa, yana karatun zama dakta, ya tsaya gaban jama'a ya ce a ba shi abin da kuka ci kuka rage?"



Nan na ba ta labarin ciyayya. A gidanmu a Kano, idan aka sauke tukunya, kafin kowa ya ci sai an fara zuba na maƙwabta, da zafinsa. Ba a tambayar wa ke so. Gidan mai hali ana kai masa, gidan mara hali ana kai masa, don haka babu mai jin kunyar karɓa. Kwano kuma ba ya dawowa wayam, ko gyaɗa ce cikin tafin hannu za a sako. Na ce mata abincinmu bai taɓa kai wa ga zama ragowa ba, domin tun yana tukunya muka san inda za shi.

Ta kalli langar da nake ajiye goro. Can ta ce, "Kaka, sake faɗa, a hankali." Ta ɗauko waya ta kira ƙawayenta.

Kwana biyu suka rushe abin da suka yi wata suna ginawa. Suka cire wurin roƙon gaba ɗaya. Abin da ya saura hoton tukunya ne guda: idan girkinka zai yi yawa ka danna, wayar ta faɗa maka gidan da zagaye ya zo kansa yau, da abin da ba sa ci. Duk wanda ya shiga, yau shi ne mai bayarwa, gobe mai karɓa. 'Yar Gorton ce ta ce a bar robar da ake jefarwa, a yi da kwanukan gida. Jikar 'yar Jamaika ta ce to kakar takwara fa, da ba ta karatu? Sai suka sa wayar ta riƙa magana. Muryar takwara ce a ciki, da Hausarta ta Manchester da ba ta iya furta harafin ƙa ba. Na ce mata duk wanda ya ji zai ɗauka Bature ne ya musulunta jiya. Ran Juma'a ta ce wa malama za su je.

Kwanon farko nawa ne, tuwon shinkafa da miyar taushe a jar langar, kuma ya faɗa gidan tsohuwar Jamaika. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, ina tunanin abin da za ta sako mini. Da la'asar sai ga ta da kanta da sandarta, langa cike da shinkafa da wake da aka dafa da kwakwa, babu nama, don wayar ta gaya mata ba ma cin naman da ba yankan Musulmi ba. Shekara biyu muna gaisawa da ka kawai. Ranar ta zauna a falona har magariba, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, jikokinmu na tafinta suna dariya. Wani ɗalibi na layinmu kuma ya dawo da kwano da dabino biyar da tuffa ɗaya. Na ce wannan uwarsa ta yi tarbiyya. Duk daren da za a fitar da shara yaran sukan auna koren mazubin su rubuta, ni kuwa ba na buƙatar ma'auni, ina ganin Likita yana jansa da hannu ɗaya.

To, shi ne muka je Birmingham, wani babban zaure a Aston kusa da jami'a, cike da 'yan mata da teburansu. Wasu sun yi abin tara ruwan sama, wasu na kashe fitila idan babu kowa a ɗaki. Na zagaya na duba kowanne da kyau. Namu suka ɗora jar langa a tsakiyar teburinsu, kusa da kwamfuta.

Alƙalai uku ne, duk mata. Ɗaya mai furfura ta yi tambaya, Likita ya raɗa mini cewa tana son sanin me ya sa babu inda mabuƙaci zai nema. Takwara ta matso gaba. Sai ta ɗauki langar ta fara bayani, ba ta ko kalli takardarta ba. A cikin Turancin na tsinci kalma ɗaya, ciyayya, ta faɗe ta daidai kuwa. Matar ta sa ta maimaita, ta rubuta.

Masu ruwan sama ne suka zo na ɗaya, namu na biyu. Na zuba wa takwara ido ko za ta sake kumbura. Ko a jikinta. Tun kafin mu fita Birmingham suka fara gardama a bayan mota kan yadda za a saka gidajen Gorton a zagaye ɗaya da namu, alhali sai an hau bas. Can ta leƙo ta ce, "Abba, kwamfuta zan ci gaba da ita."

"Ba ke kika ce ba taki ba ce?"

"Kaka ce ta ja mini."

"Ni ban ja miki komai ba," na ce. "Ki dai dawo mini da langata."

Washegari bayan na yi sallar asuba na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai, na ƙara hannu da gangan. Duk gidan ana barci. Na ɗauki wayar na danna tukunyar da kaina, muryar takwara ta ce gida na huɗu daga namu, mai shuɗiyar ƙofa, ba sa cin gyaɗa. Na bar kunun, na zuba ƙosai a langa, na jira gari ya yi haske. Sannan na saka rigar sanyi a kan mayafina, na fita na ƙwanƙwasa.