Bargon Ƙyallaye na Ɗan Bakwaini

Ranar Talata ce, kwana tara bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsuguna a ƙofar shagon wani tela a kasuwar Ƙanƙara ina tsintar ƙyallaye cikin shara. Ruwa na sauka tun safe, zanena ya jiƙe ya manne mini, amma ban ɗaga kai ba, don Kaka ta ce kada in koma gida sai buhun ya cika. Telan, wani dattijo mai tabarau, ya tsayar da kekensa ya ce, “Ke ɗiyar wa ce? Mi za ki yi da tsumma?” Na ce ƙanena ne sanyi zai kashe. Bai ƙara tambaya ba, ya jawo kwandon da ke ƙarƙashin kekensa ya juye mini.

Sati biyu kafin nan muka gudo daga ƙauyenmu da ke bayan Mabai, bayan ɓarayin daji sun shigo sun kora shanu sun ƙona rumbuna. Mun bar gero ya fara fidda kai, mun bar awakin da nake yi wa ciyawa da filin da muke ’yar gala-gala bayan an taso makaranta. Inna na da ciki wata bakwai, kuma tafiyar ƙasa da firgita suka tayar mata da naƙuda, ta haihu a ɗakin da wata Hajiya ta ba mu aro, ɗakin da ba a gama ba, ƙasansa kullum a jiƙe. Baba ya wuce Sabuwa neman ƙodago a gonakin mutane. Jaririn bai fi tsawon hannuna ba, kukansa ma sai an kasa kunne. A asibiti aka ce Inna ta riƙa manna shi a ƙirji, a lulluɓe su biyun da abu mai kauri, in jikinsa ya yi sanyi to sai dai Allah. Mu kuwa zannuwa uku muka fito da su, da ƙunshin Kaka wanda ba ta bari kowa ya taɓa.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta iya ɗinkin bargon haɗe-haɗe tun tana budurwa, sai dai idonta ya riga ya yi yana, ko kafar allura ba ta gani. Ta ce ita za ta faɗa, ni in ɗinka. Buhun farko ni na ɓata shi: na jingine shi a bango da danshinsa, kwana biyu muka buɗe muka tarar ya yi fumfuna, gara ta shiga ta ƙasa. Na yi kuka har na shiɗe. Kaka ba ta dake ni ba, cewa kawai ta yi, “Tsumma ba ya kwana a jiƙe, kuma ba ya kwana a ƙasa.” Na koma kasuwa na sake bin shaguna. Wannan karon muka wanke, muka shanya a igiya cikin zaure, aka goge da dutsen guga na gawayi, aka jera a tsohuwar kwalla mai murfi da busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, saboda gara, aka ɗora ta kan duwatsu uku.

Da laluben hannu take ware su. Atamfa da atamfa, shadda da shadda, mai santsi kuma ta jefar, ta ce yana zamewa ya yage ɗinki. Ta sa na yanko kwali daidai tafin hannuna, da shi nake auna kowane ƙyalle in yanka. In haɗa huɗu su zama ɗaya, in jera su layi, in haɗa layi da layi, ita kuma tana bi da yatsa. Inda ta ji ɗinkin ya yi gwari-gwari sai ta ce in warware, ko da ina hawaye. Yatsuna suka kumbura saboda sukar allura. Kullum da safe Inna kan taɓa ƙafar jaririn ta dube mu, ni kuma in ƙara sauri.

Rana ta biyar fuskar bargon ta haɗu. Hajiya ta ba mu tsohon matashin kai, muka farke muka tsettsefe audugar a rana don a shimfiɗa a tsakiya. Saura shafin ciki, wanda zai taɓa fatar jaririn, dole ya zama mai laushi, falle ɗaya, ba shi da haɗi. Ba mu da shi, ba mu da abin saye. A nan Kaka ta kwance ƙunshinta ta fito da farin yadi a naɗe yana ƙamshin turare. Likkafaninta ne da ta daɗe tana ajiya. Inna ta fashe da kuka ta riƙe mata hannu. Kaka ta ce, “Sake ni, ɗiyata. Mamaci ba ya jin sanyi, kuma Musulmi ba za su rufe ni tsirara ba.” Ta miƙo mini almakashi. Na karɓa na yanka. Muka shimfiɗa ukun, farin yadin da audugar da fuskar bargon, na soma ɗinki daga tsakiya zuwa baki kamar yadda ta ce, don kada audugar ta taru wuri ɗaya.

Washegari da la’asar muka lulluɓe Inna da jaririn. Kwana uku bayan haka ya kama nono da ƙarfi, ya tsala kukan da har Hajiya ta jiyo daga tsakar gida. Kaka ta rasu da bazarar da ta zagayo, maƙwabta suka haɗa mata sutura.

Yau ina zaune a Faskari da keken ɗinki, bargon da ya ci mana kwana shida nakan gama irinsa a yini guda, ƙyallayena kuma suna cikin bokitan roba masu murfi, kowane iri da nasa. Ƙanena yana firamare, ya fi kowa hayaniya a unguwa. Ƙauyenmu dai har yanzu ba mu koma ba. Ɗinkina ya fi na da kyau nesa, sai dai babu mai bi da yatsa ya ce in warware.